Ka San Mutum Kafin Ka Miƙa Masa Hannu

Ɗana, kai da ke riƙe da ƙungiyar kula da marayu, ko ta tallafa wa zawarawa, ko ta kai marasa galihu asibiti, matso kusa mu yi maganar kuɗi. Ke ma 'yata, da ke nake, domin na san rabin wahalar wannan aiki a kanku mata take. Ban jahilci cewa ba don kuɗi kuka shigo ba. Sai dai magani da kuɗi ake sayensa, hatsi da kuɗi ake auna shi, malamin da ke koyar da yaran nan kuma yana da iyali a gida. Wanda ya ƙi koyon yadda ake neman kuɗin aikin alheri da mutunci, wata rana zai tsaya gaban marayunsa yana ba su haƙuri.

Ka dubi abin da ya faru a 2025. Ran 20 ga Janairu, ranar da aka rantsar da shi, Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin dakatar da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje na tsawon kwana 90. Cikin watan Maris, sakataren harkokin wajensa Marco Rubio ya sanar da soke kashi 83 cikin 100 na shirye-shiryen hukumar USAID, ran 1 ga Yuli kuma aka rufe ta. A watan Fabrairun shekarar, Firaminista Keir Starmer ya ce Birtaniya za ta rage tallafinta daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa, domin ta ƙara wa tsaro. Kafin damina ta fita, Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin cewa mutum miliyan 1.3 a Arewa maso Gabashin Najeriya na iya rasa tallafin abinci. A Maiduguri da Damaturu da Yola, ma'aikata da dama sun wayi gari an ce su zauna a gida, motoci suka tsaya, aka sa wa ofisoshi kwaɗo.

Kada ka ɓata lokacinka wajen tsine wa Amurka da Birtaniya. Kuɗinsu ne, harajin mutanensu ne, kuma siyasar gidansu ce ta juya. Abin da nake so ka gani shi ne halin da ƙungiyoyinmu suka jefa kansu tun kafin hakan. Ƙungiya ta shekara goma ba ta da mai ba ta sisi sai mutum ɗaya, shi ma yana wata nahiya. Idan ya ce bana maganar sauyin yanayi ake yi, sai ta zama ƙungiyar dashen itatuwa. Baɗi ya ce zaman lafiya, sai ta sake riga. An ƙware wajen rubuta takardar neman tallafi da Turanci mai santsi, amma mai unguwar da ofishin yake bai san me ake yi a ciki ba. A taron agaji na duniya da aka yi a Istanbul a 2016, manyan masu bayarwa sun yi alƙawarin cewa zuwa 2020 kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin cikin gida. Shekarar ta zo ta wuce ba a kai ko kusa ba. Magabata sun riga sun faɗa: guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

To, ina gatarin naka yake? Yana nan kusa da kai. Rahoton bayarwa na duniya da gidauniyar CAF ta Birtaniya ta fitar a 2025 ya sa 'yan Najeriya a kan gaba wajen yawan abin da mutum ke fitarwa daga samunsa ya bayar. 'Yan ƙasar nan da ke zaune a waje suna turo kusan dala biliyan 20 a shekara. Ko a Amurka, inda kyauta ta haura dala biliyan 500 a shekara, kusan kashi biyu cikin uku daga aljihun ɗaiɗaikun mutane take fitowa, ba daga kamfanoni ko manyan gidauniyoyi ba. Mu kuwa ga zakka, ga sadaka, ga ciyarwar azumi, ga layya. Mutanenmu ba su da rowa. Tambayar da ya kamata ta hana ka barci ita ce: me ya sa mutumin da ke ciyar da almajirai hamsin a ƙofar gidansa, ya biya wa maƙwabci kuɗin tiyata, ya gina masallaci a ƙauyensu, bai taɓa tura naira dubu ɗaya a asusun ƙungiyarka ba? Amsar ba ta da daɗin ji. Almajirin yana ganinsa da idonsa, masallacin yana salla a cikinsa. Kai kuwa bai san ka ba, kuma ya sha jin labarin waɗanda suka tara kuɗin marayu suka sayi fili.

Hanyar da muka gada ta tara kuɗi ita ce ƙaddamar da gidauniya. A kama zaure, a buga kati, a sa sunan wani attajiri a matsayin babban mai ƙaddamarwa, sau da yawa ba a ma tuntuɓe shi ba sai dai ya ga kati. Ranar taro ya aiko wakili, a sanar da miliyoyi a lasifika, a yi tafi. Bayan wata uku sakatare na yawo daga ofis zuwa ofis yana bin alƙawari, abin da ya shigo kuma da ƙyar ya biya kuɗin zaure da abinci. Ban ce a daina taro ba. Amma taro shi ne ƙarshen aiki. Farkonsa yana can baya, a zaune, da biro da takarda.

A jami'o'i da asibitocin Amurka da Ingila akwai ma'aikata waɗanda ba su da wani aiki sai binciken wanda za a nemi taimakonsa. Kafin shugaban jami'a ya je gaban attajiri, sun riga sun aje masa takarda mai shafi ɗaya ko biyu a kan mutumin. Idan ka tace abin da suke yi, tambayoyi uku ne, kuma ba ka buƙatar kwamfuta mai tsada kafin ka amsa su.

Ta farko, yana da hali? Kada babbar riga da doguwar mota su ruɗe ka. Wani mai motar bashin banki ne ya yi masa katutu, wani kuma da ke zaune a kan benci a Dawanau yana da rumbunan da za su ciyar da ƙaramar hukuma. Kuma hali yana da lokaci. Ɗan kasuwar hatsi ba a zuwa masa lokacin da ya zuba jarinsa kaf a kaka. Ma'aikaci ba a tunkararsa ran ashirin ga wata. Mai fitar da zakka yana da watan da yake lissafi, idan ka zo bayan ya raba, ka makara da shekara guda.

Ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi: ina zuciyarsa take? Kowane mai bayarwa yana da ƙofar da alherinsa ke fita. Wani ya tashi maraya, ba ya iya jin kukan maraya ya yi shiru. Wata ta rasa ƙanwarta wajen haihuwa, duk abin da ya shafi mata masu juna biyu nata ne. Wani rijiya kawai yake haƙawa, ya yi shekara ashirin a haka. Idan ka je wa mai rijiya da maganar ɗakin kwamfuta, zai karɓe ka da fara'a, ya ba ka kuɗin mota, ya sallame ka. Haka abin yake a manyan gidauniyoyinmu. Gidauniyar Aliko Dangote, wadda aka kafa a 1994, ta fi ƙarfi a lafiya da abinci mai gina jiki da ilimi. Gidauniyar TY Danjuma tana ba ƙungiyoyi masu rajista tallafi a fannin lafiya da ilimi, kuma tana da ƙa'idoji da lokacin karɓar takardu. Ta Tony Elumelu matasa masu sana'a take nema, tana ba duk wanda ta zaɓa jarin dala 5,000. Shirin ASR Africa na Abdul Samad Rabi'u, wanda ya fara a 2021, ya fi karkata ga manyan ayyuka a jami'o'i da asibitoci. Duk wannan a bayyane yake a shafukansu na intanet. Amma sai ka ga yaro ya rubuta wasiƙa ɗaya, ya sauya suna kawai a sama, ya aika wa duka huɗun, sannan ya zauna yana cewa masu kuɗi ba su da tausayi. Ɗana, wannan lalaci ne. Mutumin da kake so ya ba ka miliyan biyar ya cancanci ka ba shi awa biyu kana karanta abin da ya damu da shi.

Ta uku, wa zai kai ka? A ƙasar Hausa baƙo ba ya faɗa wa gidan mutum haka kawai. Ana bin limaminsa, ko abokin kasuwancinsa, ko wanda suka yi makaranta tare, ko shugaban ƙungiyar 'yan kasuwar layinsu a Kantin Kwari. A nan ne kwamitin amintattunka zai yi amfani. Idan ka cika shi da sunayen manya waɗanda ba sa zuwa taro, ka yi asara. Ka zaunar da su, kowa ya faɗi mutum biyar da yake iya shiga wurinsu ba tare da an tsayar da shi a ƙofa ba. Sannan, kafin su roƙi kowa, su fara sa nasu, ko da kaɗan ne. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Tambayar farko da ɗan kasuwa mai wayo zai yi ita ce, ku me kuka sa?

Idan ka amsa ukun nan, ziyarar farko ba ta roƙo ba ce. Ka je ka gaishe shi, ka gaya masa abin da kuke yi a taƙaice, ka fi sauraro a kan magana. Ka gayyace shi ya zo ya ga yaran da idonsa. Ranar da za ka roƙa kuma, ka faɗi adadi da abin da zai yi: kuɗin makarantar yara talatin na shekara guda, kaza ne. Kada ka ce "duk abin da Allah ya hore". Wannan kalma ta mabaraci ce, kuma abin mabaraci za a ba ka.

Ka kuma sani cewa yadda kake binciken masu bayarwa, haka su ma suke bincikenka. Attajira MacKenzie Scott ta rabar da fiye da dala biliyan 19 ga ƙungiyoyi sama da 2,000 zuwa ƙarshen 2024, kuma yawancinsu ba su nema ba. Mutanenta ne suka yi bincike a ɓoye, sai kira kawai ƙungiyoyin suka samu. Attajirin Kano ma yana da irin nasa binciken: zai tura yaronsa unguwarku ya tambayi mai shayi da mai gadin masallaci. Abin da suka faɗa a kanka ya fi duk takardar da ka rubuta.

Yanzu ga iyakar da ba na so ka ƙetare, kuma a nan ne na fi jin tsoro a kanku 'yan zamani. Sanin mutum daban, leƙen asirinsa daban. A watan Disambar 2016, hukumar kare bayanan jama'a ta Birtaniya ta ci tarar manyan ƙungiyoyin agaji biyu: RSPCA mai kare dabbobi fam 25,000, da British Heart Foundation mai yaƙi da ciwon zuciya fam 18,000. Laifinsu shi ne sun miƙa bayanan masu ba su taimako ga kamfanonin da ke auna dukiyar mutane, ba tare da masu bayanan sun sani ba, suna kuma musayar sunaye da wasu ƙungiyoyi. A watan Afrilun 2017 aka ƙara cin tarar wasu 11. Ba 'yan damfara ba ne, ƙungiyoyi ne masu aikin kirki waɗanda zumuɗin tara kuɗi ya rufe wa ido. A Najeriya ma an sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023, kuma ta hau kan ƙungiyarka kamar yadda ta hau kan banki. Tun kafin doka, addininmu ya hana bin diddigin asirin mutane. Saboda haka kada ka sa wani ma'aikacin banki ya leƙa maka asusun kowa. Kada ka sayi jerin lambobin waya. Kada ka kwashi lambobin waɗanda suka taimaka maka ka zuba su a zauren WhatsApp ba da izininsu ba. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira ta zo, tana iya tattaro maka tarihin mutum cikin minti guda, sai dai takan haɗa gaskiya da ƙarya, ta ɗora wa wani dukiyar mai irin sunansa. Duk abin da ta ba ka, ka tantance. Ma'aunin da nake ba ka shi ne wannan: kada ka rubuta komai a kan mutum wanda za ka ji kunya idan takardar ta faɗa hannunsa.

Mutuncin wanda kake taimaka wa ma amana ne. Raina yana ɓaci idan na ga an ɗauki bidiyon mara lafiya a kan gadon asibiti, jiki a buɗe, an manna lambar asusu a ƙasa an watsa a Facebook da TikTok. Na san irin wannan hoto yana kawo kuɗi da sauri. Amma yarinyar nan za ta warke, ta girma, ta yi aure, hoton yana nan. Ka nemi izini, ka rufe abin da ya kamata a rufe, idan an samu abin da ake nema ka sanar ka rufe asusun. Masu ci gaba da karɓa bayan buƙata ta biya su ne suka sa yau mutane ke shakkar kowane neman taimako.

Akwai wani bincike kuma da ake mantawa da shi: daga ina kuɗin ya fito? Makarantar LSE ta Landan, da duk ilimin da ke cikinta, ta amince da kyautar fam miliyan 1.5 daga gidauniyar Saiful Islam, ɗan Gaddafi, a 2009. Da rikicin Libiya ya ɓarke, shugaban makarantar Howard Davies ya yi murabus a watan Maris na 2011. Kai ma za a gwada ka. Shekarar zaɓe ɗan takara zai aiko da buhuna, da sharaɗin a raba da hotonsa a jiki. Wani zai ce zai turo miliyan goma, ka riƙe biyu, ka mayar masa da takwas ta wani asusun. Wannan wanke kuɗin haram ne, kuma sunanka ne a takardar banki, ba nasa ba. Shi ya sa rajista da hukumar CAC da sashen SCUML na EFCC kariya ce gare ka, duk da wahalar da ke cikinta. Ku zauna da amintattu tun yau, ku rubuta irin kuɗin da ba za ku karɓa ba. Ranar da albashi ya gagara, ba za ka iya yanke wannan hukunci da hankali kwance ba.

Sai maganar riƙe wanda ka samu, wadda a ganina ta fi neman sabo. Ƙididdigar da ake yi a Amurka ta nuna cewa ƙasa da rabin masu bayarwa ne ke sake bayarwa a shekarar da ke biye, waɗanda suka bayar karon farko kuwa kusan ɗaya cikin biyar ne kawai ke dawowa. Dalilin a can da nan duk ɗaya ne. Mutum ya tura kuɗi, ba godiya, ba rasit, ba labarin inda kuɗin ya tafi. Ba zai sake jin ɗuriyarka ba sai azumi ya kusa. Ka kira shi cikin kwana biyu ka gode. Bayan wata uku ka aika masa abin da kuɗinsa ya yi, da hoton rijiyar ko sakamakon jarrabawar yaran. Ka je masa ta'aziyya da barka ba tare da takarda a aljihu ba, zumunta a ƙafa take. Kuma kada ka raina mai naira dubu biyu a wata. Mutum ɗari biyar masu ba da dubu biyu sun haɗa maka miliyan ɗaya kowane wata, kuma babu wani shugaban ƙasar waje da zai soke su da sa hannu ɗaya. Daga cikinsu ne ma babban mai bayarwa na gobe zai fito.

Ka faɗi gaskiya a kan kuɗin gudanarwa. Kada ka ce wa mutane kowace naira tana zuwa hannun maraya, alhali kana biyan haya da mai da albashi. Ka ce cikin kowace naira ɗari, kaza ce ke tafiya a hidimar ofis, ga dalili. Mai hankali zai fahimta, shi ma yana da shago. Kuɗin zakka kuma ka ware masa asusunsa, domin masu cin zakka kashi takwas ne da aka ambata a Suratut Tauba, ba a fentin ofis da ita. Idan wani ya ba da kuɗin rijiya, rijiya za a haƙa. Idan farashi ya tashi, kamar yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, ka koma wurinsa ka gaya masa, kada ka rage zurfin rijiyar ka yi shiru.

In Allah ya ba ka amincewar mutane, ka fara yi musu maganar waƙafi. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a, Sayyidina Umar ya tsayar da gonarsa ta Khaibar. Sakkwato da Zamfara da Kano duk suna da hukumomin zakka da waƙafi, ka je ka koyi yadda ake rubuta shi bisa ƙa'ida. Shago biyu da aka tsayar wa makarantar marayu za su riƙa biyan malamai bayan ni da kai mun kwanta dama.

Ɗana, kada ka jira azumi ya kama ka fara rige-rigen buga takardu. A wannan makon ka ɗauko littafi, ka rubuta sunan duk wanda ya taɓa bai wa ƙungiyarku wani abu, komai ƙanƙantarsa. Ka kira su ɗaya bayan ɗaya, ka gode musu, ka gaya musu abin da aka yi da kuɗinsu, kada ka roƙi komai. Ka kira mai binciken kuɗi ya duba littattafanku, ka liƙa sakamakon a ƙofar ofis inda kowa zai gani. Bayan haka sai ka zaɓi mutum goma, ka zauna ka san su. Allah ya yi maka albarka, ya tsare hannunka daga dukiyar maraya.